Ɗakin Inna na yoyo, ina so in hau kwanon da kaina: ta ina zan fara?

Baban Zainab ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don damina ta ƙarato kuma hankalina bai kwanta ba.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Gujungu da Taura, a gidanmu na gado nake zaune. Ɗakin mahaifiyata ginin ƙasa ne, marigayi mahaifinmu ya rufa shi da kwano tun ina aji huɗu, yau sama da shekara 25 ke nan. Bara da ruwa ya kankama a watan Agusta, wuri uku ɗakin ya riƙa yoyo: saitin ƙofa, da kusurwar da take jingine buhun gero, da daidai ƙafar gadonta. Da dare sai a jera roba da kwanon sha da tsohuwar fanteka, Inna ta naɗe katifa ta koma tsakiyar ɗaki ta kwana a tabarma. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Sai dai in na shiga gaisuwa da safe in tarar tana matse zanin gado. Abin nan ya tsaya mini a rai har yau.

Makon jiya kuma iskar da ta biyo hadarin farko ta ɗaga bakin falle ɗaya ta bayan ɗakin, yanzu ko 'yar iska ce ta kaɗa sai ka ji yana bugawa. Kafintan garinmu ya tafi aiki Kano, an ce sai bayan shuka zai dawo. Ranar Lahadi na shiga kasuwar Gujungu na sayo ƙusar kwano da sabon falle biyu, maƙwabcina kuma ya ce zai ara mini tsaninsa na itacen turare mai matakala takwas. Bangon ɗakin zai kai kamu shida. Nauyina ya ɗan haura kilo 80, kuma ban taɓa hawa kwano ba, iyakacina hawa mangwaro da ƙuruciya.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ɗan baffana. Shekara uku da suka wuce ya hau shagonsa zai ɗora dutse a kan kwano, ya faɗo, har yau da sanda yake tafiya. Ina da iyali, ba na so in je neman gyara in jawo musu jinya.

Don Allah waɗanda suka san aikin ku faɗa mini yadda ake kafa tsani da inda ake takawa. Sannan zauren gidanmu soro ne, indararonsa ya toshe, shi ma ina so in hau. Akwai kuma wayar wuta da ta ratsa ta gefen ɗakin Innar zuwa gidan maƙwabci, ko da yake wutar kan yi mako ba a kawo ba.

Tsohon Kafinta, Ringim:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da alheri kan kula da mahaifiya. Shekarata 34 ina buga kwano, yarona ne ke rubuta mini wannan ina faɗa masa.

Kada ka fara da tsani. Ka fara da cikin ɗakin. Da tsakar rana ka shiga ka rufe ƙofa da taga, ka tsaya har idonka ya saba da duhu. Duk inda kwanon ya huje za ka ga rana ta zuro kamar zare. Ka ɗauki tsinken tsintsiya ka soka a kowace kafa ya leƙa waje, don in ka hau sama ba za ka gane hujin ba, daga can kwano duk kamarsa ɗaya. Tsinken nan zai hana ka yawon nema a kan rufi, kuma yawon shi ne ke kawo tsautsayi.

Bayan haka ka taka turmi ko benci ka bi katakon rufin ɗaya bayan ɗaya da sukudireba. Ka soka da ƙarfi, musamman inda kan katako ya shiga bangon ƙasa da inda ka ce yana yoyo. In ƙarfen ya nutse, ko gari ya zubo, ko ka ga hanyar gara ta bi jikinsa, wannan katakon ya mutu ko da daga nesa yana da kyan gani. Gara ciki take ci ta bar maka ɓawo. Ka sa alli a bango saitin wurin, ciki da waje. Wurin da ya sha ruwa damina bayan damina a rufin shekara 25, ni ban yarda da shi ba sai na gwada. In ka tarar katakon ya tafi, maganar hawa ta ƙare, aikin ya zama na cire kwano da sauya katako, ka jira mai sana'a.

In katako na da rai, to sai tsani. Matakala takwas a bango mai kamu shida, ina jin zai yi maka gajere. Tsani dole kansa ya zarce bakin kwano da kamar matakala uku, wajen mita ɗaya, don ka samu abin riƙewa lokacin da za ka ɗora ƙafa a rufi da lokacin da za ka juyo. Yawancin waɗanda na ga sun faɗo a rayuwata, ba a tsakiyar rufi suka faɗo ba. A bakin kwano ne, wajen saukowa, mutum ya gaji yana lalubar matakala da ƙafa ta baya bai ganinta, tsani ya goce gefe. In na maƙwabcinka bai kai ba, ka nemi wani. Kada ka ɗora shi a kan turmi ko bulo don ya ƙara tsawo.

Wajen kafawa, duk ƙafa huɗu na tsayi gindin ya nisanci bango da ƙafa ɗaya. In ba ka son awo, ka tsaya yatsun ƙafarka na taɓa gindin tsanin, ka miƙa hannuwa gaba sosai. In tafinka ya sauka a matakalar da ke saitin kafaɗarka, ya kafu daidai. Ƙasarmu rairayi ce, saboda haka ka ɗan tona rami biyu ƙafafun su zauna, ko ka kafa turke ka ɗaure. Saman kuma ka jingina shi saitin kan katako, ba a leɓen kwano da ke reto ba, ka ɗaure da igiya. Sannan babban mutum ya riƙe maka, ba yaro ba, kuma ya san aikinsa ke nan har ka sauko, ba ya amsa waya ya tafi ba. Ka jijjiga kowace matakala tun tsanin na kwance a ƙasa, don na itace ƙusarsa kan yi tsatsa ta saki.

A sama, layin ƙusa shi ne hanyarka. Inda ka ga kawunan ƙusa sun jeru, akwai katako a ƙasa. Tsakanin layi da layi babu komai sai falle da iska. Ka tafi da falanki mai kauri, ka shimfiɗa shi daga ƙasa zuwa sama ya haye layi biyu ko uku, ka maƙale shi kada ya zame, ka yi aiki a kansa a durƙushe. Kada ka miƙe tsaye sai dole. Guduma da ƙusa ka sa a bokiti, in ka zauna a sama a ɗaura maka da igiya ka ja kamar guga. Hawa tsani da hannu biyu ake yi, fuska na kallon tsanin, hawa da sauka.

Ƙusa a tudun kwano ake bugawa, ba a kwarin da ruwa ke bi ba. Ka yanka tsohon tub na babur ƙanana ka sa ƙarƙashin hular kowace ƙusa. Ƙananan huji kuma tsumma da narkakkiyar kwalta sun isa, amma a narka a ƙasa, a miƙo maka kaɗan a gwangwani. Ni dai ba takalmi nake hawa, ƙafata ta fi jin kwano.

Jikan Magina, Garko:

Baba kafinta ya gama magana a kan kwano. Ni ta soron zan taɓa, don a gidanmu aka gaji gini.

Soro yana yaudarar mutum saboda a shimfiɗe yake, sai ka ga kamar tsakar gida ka saki jiki. Ƙarƙashin ƙasar nan azara ce aka jera, aka shimfiɗa zana ko kara, aka zuba ƙasa. Azarar giginya gara ba ta cika cinta ba, amma bakinta da ke cikin bango yana ruɓewa in ruwa ya daɗe yana kwanciya. Indararon da ka ce ya toshe, ma'anarsa ruwan bara ya yi ta zama a saman. Don haka kai ma ka fara daga ciki: ka dubi azara ko ta yi ciki, ko akwai baƙin tabo a bakinta, ko ƙasa na zubowa. In ka hau, ka bi gefen bango, kada ka ratsa tsakiya. Kada ka kama zanko ko rawani, wato ginin da ya ɗago a kusurwa da gefen soro, ka ja jikinka da shi, ƙasa ce, ɓallewa zai yi ya biyo ka. Kada kuma ka jingina tsani a indararo.

Kar a hau soro washegarin ruwa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta riga ta yi wa azara nauyi, kai kuma ka ƙara naka. A daminar 2022 da ruwa ya yi ɓarna a Jigawa, gidajen ƙasa da yawa sun rufta, kuma duk magini ya san soron da ya sha ruwa ba ya yin sallama. In za ka yi yaɓe, ka kankare tsohon da ya kumbura kafin ka sa sabo, kuma a miƙo ƙasa kaɗan-kaɗan, kada a tula ta wuri ɗaya. Mutane kan ƙara yaɓe a kan yaɓe kowace shekara har rufin ya fi ƙarfin azararsa. In kana samun makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa, ka shafe saman da ita, tana tare ruwa.

Kafin ka zura hannu a indararo ka fara zura sanda. Ni kunama ta taɓa harbina a nan, ina kan tsani. Allah ya sa ƙanena na riƙe da shi kuma na rungume matakala. Ka duba ƙarƙashin bakin kwanon ma ko akwai gidan rina.

Abu na ƙarshe, kada ka manta da haƙƙin maƙwabta. Daga sama kana ganin tsakar gidan mutane. Ka aika yaro tun da wuri ya faɗa za a hau sama, mata su kimtsa. Mu haka muka taso muka ga ana yi.

Mai Sola, Wudil:

Malam, maganar wayar nan ce ta sa na tsoma baki. Ka ce wuta kan yi mako ba a kawo ba. Wannan shi ne haɗarin, don babu mai yi maka sallama ranar da za a kawo. Duk wayar da ta taso daga fol, wato turken wayar lantarki, ka ɗauka da wuta a jikinta. Kashe na'urar cikin gidanku ba ya kashe ta, tunda ita daga waje ta zo, kuma zuwa gidan wani za ta. Wayoyin ƙauye yawanci an yi musu haɗi an naɗe da leda, rana ta cinye ledar. In irin wannan ta gogi kwano, lantarki ya kama rufin gaba ɗaya. Ka tsaya daga ƙasa ka bi ta da ido tun daga fol. In tana taɓa kwano ko tana kusa da inda za ka ɗaga sabon falle, ka kira mai gyaran wuta ya cire ta daga sama ko ya janye ta kafin ka hau. Falle mai ƙafa shida in ka ɗaga shi yana kaiwa inda ba ka zata ba. In kuma babbar waya ce ta kan titi, ita ko ba ka taɓa ba tana iya fizgar mutum in ya matsa, wannan ba a yin aikin kai a kusa da ita.

Masu sola a kan rufi su ma su sani, faranti na ba da wuta muddin rana na dukansa, ko an kashe inbata, wato na'urar da ke juya wutar zuwa ta gida. Kuma ba a taka shi.

Baba, da girmamawa, ban goyi bayan hawa ba takalmi ga wanda bai saba ba. Ƙafarka ta shekara 34 daban take da ta malamin makaranta. Tsohon kwano akwai ƙusa mai tsatsa da baki mai kaifi, kuma a watan Afrilu ko Mayu kafin ƙarfe goma sha ɗaya kwano ya fara ƙuna. Mutum in ƙafarsa ta ƙone zabura zai yi ya taka inda bai duba ba. Ya sa kambas mai ƙasan roba ya ɗaure igiyarsa. Silifa kuwa ko kusa. Kaya ma wando da ƙaramar riga, ba jallabiya ko doguwar riga da za ta harɗe shi a matakala ba.

Mu muna amfani da igiya. Ka jefa ta ta haye tsororon ɗakin, a ɗaure a gindin darbejiya ko wani abu kafaffe a ɗaya gefen. Kada a ɗaure a amalanke ko babur, wani na iya ja bai sani ba. Kuma a taƙaita tsawonta yadda ba za ka iya kaiwa bakin rufi ba. Amfaninta ta hana ka isa inda za ka faɗo. Igiyar ƙugu mai tsawo da za ta bar ka ka faɗo kana reto, ita ma tana iya illata mutum.

Tsohon Kafinta, Ringim:

Mai Sola ya yi gaskiya, Malam ya sa kambas ɗin. Na ƙara da lokaci: ka bari hantsi ya ɗan ɗaga raɓa ta bushe, ka sauko kafin rana ta take. Ƙurar da ta kwanta a kwano tun hunturu ita ma santsi gare ta, ka share inda za ka durƙusa. Ranar da ake iska kada ka ɗauki falle, zai ɗebe ka. Ka ga hadari ya haɗo ta gabas ko ka ji rugugi ko daga nesa, ka bar guduma a nan ka sauko.

Maman Khalifa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye ta wajen Kiyawa, kuma farkon damina ba ya wucewa ba a kawo mana wanda ya faɗo daga rufi ko bishiya ba.

Malam, ka karya kumallo ka sha ruwa kafin ka hau. Kada ka hau kana azumi, ko kana zazzaɓi, ko ka sha maganin mura mai sa barci. In kana da hawan jini ko jiri na ɗibarka in ka miƙe, ka bar wa wani. Ka fitar da Inna daga ɗakin har a gama, a kuma kori yara daga gindin bango, guduma kan suɓuce.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yi wa wanda ya faɗo. Sai a taru a kama hannu da ƙafa a ciccibe shi, a zaunar, a ɗura masa ruwa, a ɗora a babur mutum biyu sun sa shi a tsakiya. In ƙashin wuya ko na baya ya tsage, wannan ɗaukar ce ke ƙarasa lakar, mutumin da zai iya warkewa ya koma kwance. A bar shi yadda yake, mutum ɗaya ya tallafe kansa da hannu biyu kada ya juya. A ciro ƙyauren ɗaki ko falanki mai faɗi, mutum huɗu su mirgina shi a kai gaba ɗaya, kai da wuya da baya a miƙe, a nemi mota. Kada a ba shi ruwa ko fura, ana iya buƙatar aikin tiyata. In ya ce ƙafarsa ta mutu ko ba ya jin taɓi, ko ya yi amai, ko barci na fizgarsa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko da ya tashi ya yi tafiya da farko, babban asibiti za a nufa a ranar. Ba na raina masu ɗori, amma kai da wuya da baya da ƙugu sai an ɗauki hoto. Daga nan in ta kama a tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Yankan kwano ko sukar ƙusa kuma a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu sosai, kada a sa toka ko baƙin mai, a zo a yi allurar tetanos a ranar.

Baban Zainab ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba kafinta, Allah ya ƙara girma. Ga yadda aka yi.

Ranar Alhamis bayan an tashi daga makaranta na shiga ɗakin na rufe ƙofa. Huji uku nake zato, sai na ƙirga tara. Na soka tsinke a kowanne. Da na bi katako da sukudireba, na gefen ƙofa da na saitin gado sun yi tauri ƙam. Amma na kusurwar buhun gero, ina sokawa ƙarfen ya shige har mariƙinsa, gari ya zubo mini a fuska, katako biyu a jere. Wallahi nan ne na yi niyyar fara takawa, don nan fallen ya ɗaga. Na daɗe a tsaye a kan turmin ina kallon wurin.

Tsanin maƙwabcin bai kai ba, na aro dogon na masallacin Juma'a. Mai gyaran wuta ya zo Juma'a da yamma ya janye wayar, ashe ledarta ta tsage a wuri biyu. Asabar da hantsi na aika Zainab gidajen maƙwabta, Inna ta koma ɗakin maiɗakina, ƙanena ya riƙe tsani, muka ɗaure igiya a darbejiyar bayan gida. Na toshe huji shida a durƙushe a kan falanki, na sauya ƙusa wajen ashirin da robar tub. Wajen saukowa na gane amfanin matakala ukun nan, ƙafata na rawa amma hannuna na riƙe da abu.

Gefen da na sa wa alli ban je ba. Na yi magana da wani kafinta a Gujungu, zai zo ranar Talata da katako biyu, shi zai buga sabon fallen. Soron zaure kuma azara ɗaya ta yi ciki, saboda haka daga kan tsani kawai na zura sanda na buɗe indararon, Jikan Magina in akwai yadda ake tokare ta daga ciki kafin ruwa ya sauka ka ƙara mini bayani.

Mun janye buhun geron daga kusurwar. Inna ta ce a bar mata fantekar a ƙarƙashin gado tukuna, sai ta ga ruwan farko.